Inda Saniya Ta Kwanta

Stepowe, yankin Herson
Bayan Ista, 1992

Yabo ga Yesu Almasihu!

Yaya Yustina,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan sanyin bana bai taɓa miki gwiwa kamar na bara ba. Mu nan lafiya lau. 'Yata Oresta da mijinta Arkadi da yaran duk suna gaisuwa.

Nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, don na san ki, a tsaye kike karanta wasiƙa kina juya tukunya. Zan dawo gida. Ba ziyara nake nufi ba, dawowa ɗungurungum.

Tun ranar da gwamnati ta miƙa wa Polan ƙauyenmu Rostoka, aka loda mu a taragon kaya aka zube mu a wannan fili da ba shi da ko tudun da kaza za ta hau, zaman baƙunta nake yi. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan. Ke kin tsira, Prokip ya aure ki ya kai ki Yasinka kafin a ja iyakar. Ni kuwa na noma musu alkama, na noma musu kankana, amma ban taɓa cewa nan ne gida ba. Matata Ksenya ce ta riƙe ni, ga shi Allah ya ɗauke ta bara. Yanzu kuma ƙasa ta sami 'yanci ta zama tamu, ba wanda zai tambaye ni takardar izini.

Rostoka dai an ce babu ita, sai ciyawa da itatuwan da suka koma na daji. Don haka roƙona ɗaya ne: ki yanka mini wuri a gangaren marigayi Prokip, in kafa ɗaki in mutu ina kallon dutse.

Kuma ba da ka zan yi ginin ba. Yadda Dido ya yi, haka zan yi. Kin tuna yadda Baba ke ba mu labarinsa, kakanmu na farko, wanda ya hauro ta mashigin dutse da takarkari da buhun gishiri. Ya saki takarkarin, inda ya kwanta ya fara tuƙa, nan ya kafa ginshiƙi, daga nan muka fito. Ni ma zan saki saniya a gangaren, inda ta kwanta tana tuƙa nan ne gidana. Ɗan ƙabilarmu ta Boyko da ya gina gida bai tambayi dabbarsa ba ai ya ɓata katako.

Ni Boyko ne tun daga hula har takalmi, kuma Boyko a fili kifi ne a tudu. Ki fara tanadin garin yin oshipok, burodinmu na gida, na gaji da farin burodinsu mai kama da auduga.

Ƙaninki,
Harasim

*

Yasinka, kusa da Turka
Mayu, 1992

Har abada yabo!

Harasim, ɗan rigimata,

A tsaye na karanta, kuma madara ta ƙone, alhakinta a wuyanka.

Wuri kake roƙo? Haba, yaro! Gangaren nan tun da Prokip ya rasu ba mai yanke ciyawarsa sai ni da maƙwabcina Onufri, shi ma bakinsa ya fi hannunsa aiki. 'Ya'yana biyu sun tafi aikin gini ƙasar Cek, sai Kirsimeti nake ganin ƙeyarsu. Ka ɗauki gangaren duka in ka ga dama. Ba zan ɓoye maka ba, na yi kuka, na yi dariya, na fita na gaya wa saniyata Bilka don ba kowa a gidan. Kaɗaici ya ishe ni, Harasim. Mutum ya dafa abinci ya rasa wanda zai ce masa gishiri ya yi yawa.

Maganar Dido kuwa ta zo a kan gaɓa. Ana shirin babban taron 'yan Boyko a Turka, har daga Amurka wai za a zo, sai ga malamai uku daga Lwiw suna bin tsofaffi da tambayoyi. A teburina suka ci rana. Na farkon ya ce mu jikokin Fararen Kurowat ne da suka zauna a duwatsun nan tun kafin a san coci. Na biyun ya ce a'a, wata tsohuwar ƙabila ce ta mayaƙa daga yamma. Ƙaramarsu, wata mai tabarau, ta ce a cikin jininmu akwai makiyayan da suka biyo tumaki daga kudu, daga wajen Romaniya. Suka yi ta musu har dankalin ya huce, amma mutanen kirki ne, sun san abubuwa da yawa, sun kuma cinye komai tas.

Na ba su labarin Dido. Mai tabarau ta ce, “Baba Yustina, to daga ina ya hauro?” Ka san ban taɓa tambaya ba? Kai da ka fi ni zama kusa da Baba, ya taɓa gaya maka?

Sai dai abu ɗaya. Ka rubuta shafi biyu ba ka ce mini me Oresta ta ce ba. Na san ka, in ka tsallake magana to a nan ƙurar take.

Yayarka da ta goya ka,
Yustina

*

Stepowe
Yuni, 1992

Yabo ga Yesu Almasihu.

Gwaggo Yustina,

Ina gaishe ki cikin ladabi, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ki gafarce ni, Baba bai san na rubuto ba.

Na ga wasiƙarki a teburinsa, kin tambayi abin da na ce. Ban ce komai ba, Gwaggo, domin ba a tambaye ni ba. A wurin cin abinci ya sanar da mu kamar mai karanta labarai a rediyo, ya goge baki ya tashi.

Ba na so ki zauna ke kaɗai, Allah ya sani. Amma Baba yana shan maganin zuciya, ni nake auna masa jini. Kabarin Mama yana nan, kowace Lahadi shi yake share shi. 'Yata ƙarama ba ta cin abinci sai a cinyarsa. In ya tafi, gidan nan ya mutu, shi kuma ban san wanda zai ɗauko shi daga kan dutse ba ranar da ƙirjin ya motsa.

Akwai abin da nake so ki sani, tunda shi ba zai faɗa ba. Mama ta sha ba ni labarin zuwansu. Da aka sauke su daga jirgin ƙasa, an nuna musu fili an ce kowa ya zaɓi inda zai haƙa. Mata suna kuka, maza sun yi cirko-cirko. Saniyar da suka taho da ita daga Rostoka, Siwa, ta fizge igiya ta yi gaba ita kaɗai, ta je wani wuri ta kwanta. Mama ta ce ta rantse tuƙa take yi. A daidai wurin Baba ya kafa gidan da nake rubuto miki daga cikinsa. A nan aka haife ni.

In na tuna masa sai ya ce wahalar tafiya ce ta kayar da ita. To ni ban san dutse ba, Gwaggo, sau biyu na taɓa zuwa, kaina ya yi ta juyawa. Amma ina yin waƙoƙinku, ina yi wa yarana ɗinkin wuyan riga irin naku, a makaranta ana tsokanarmu da 'yan dutse. Shi kuma ya ce Boyko ba ya tsira a fili. To ni mece ce?

Ki yi masa magana, ke kaɗai yake jin tsoro.

'Yarki,
Oresta

*

Stepowe
Yuli, 1992

Yabo ga Yesu Almasihu!

Yaya,

Gaisuwa a gurguje, don raina a ɓace yake. Mai raba wasiƙa a garin nan bakinsa ba ya rufuwa, na san Oresta ta kai ƙarata. Kuma na ga 'yar takardar da kika aiko kina cewa in yi tunani. Na yi tunani shekara arba'in, ya isa!

Siwa faɗuwa ta yi. Dabbar da ta yi makonni a tarago ba ruwan kirki ba ciyawa, me ake so ta yi, rawa? Na gina a wurin don ba zan iya jan ta gaba ba, shi ke nan.

Malamanki kuma ki gaishe su. Kurowat ne, mayaƙa ne, masu tumaki ne, oho musu. Dido bai fito daga ko'ina ba. Kewayo dutsen kawai ya yi daga wancan gefe zuwa wannan. Mu a nan muka tsiro kamar itacen smereka, wa ya taɓa tambayar smereka daga ina ta zo?

Ga yadda za a yi, kowa ya huta. A watan Agusta Arkadi zai kai kankana Turka da babbar motarsa ya musanyo katako. Zan biyo shi, kuma da saniyata Ruja zan zo. Jikar jikar Siwa ce, tsatso ɗaya ba gauraye ta wajen uwa, jinin Rostoka ne a jikinta. Na faɗa a gaban Oresta da mijinta, na kuma sa hannu a ƙirji: abin da Ruja ta yanke shi zan bi. Za ki gani, ƙafarta na taɓa ciyawar dutse za ta gane gida. Kafin Onufri ya gama kunna tabarsa ta kwanta.

Katakon da Arkadi zai karɓo, rabi nawa ne, a Yasinka za a sauke shi.

Sai kin gan ni,
Harasim

*

Yasinka
Ƙarshen Agusta, 1992

Har abada yabo.

Oresta, 'yata,

Ina gaishe ki da yaran. Wasiƙar nan za ta iya riga motar isowa, za ta iya biyo bayanta, amma gara ki ji daga bakina, don ubanki in ya ba da labarin sai ya sa masa gishiri.

Sun iso lafiya. Da Arkadi ya buɗe bayan mota, sai ga saniya ja, ƙatuwa, tsaye a tsakiyar kankana, bakinta jawur, ta fasa ta sha iya cikinta. Rabin Yasinka ya taru. Onufri ya zagaya ta ya ce, “Harasim, wannan saniya ce ko coci? Ina za ka samo mata gangaren da zai ɗauke ta?”

Ubanki ya ce, “Matsa, tsoho, kar ta kwanta a kanka in gina gida a bisa ƙirjinka.”

Na rungume shi, na ji ƙasusuwa. Ya tsufa, 'yata, amma bakin yana nan.

Washegari da safe ya sa farar riga, ya yi alamar gicciye, ya kai Ruja gangaren ya kwance igiya. Jama'a na bayan shinge. Ta yi taku kaɗan ta tsaya, ta buɗe ƙafafu kamar mai tsaye a kwalekwale, tana kallon ƙasa tana huci. Baiwar Allah ba ta taɓa ganin ƙasa ta karkace ba. Ta ci ciyawa kaɗan, ta ɗaga kai ta yi kuka. Har rana ta faɗi ba ta kwanta ba.

Ita kuwa Bilka tawa, 'yar ƙarama mara kunya, ta bi ta gefenta ta je gindin itacen fiya ta kwanta, ta hau tuƙa tana lumshe ido. Wuri mai kyau, busasshe, rana na samunsa tun safe. Onufri ya ce, “To ga shi nan! Saniya saniya ce, kafa turke mu je mu sha wani abu.”

Ni ma na ce, “Harasim, ta gida ce, uwa ɗaya uba ɗaya muke, tawa taka ce.” Da gaske nake.

Ya ce, “Yaya, ke ma kin san ba haka ake yi ba. Bilka ta zaɓa miki ne. Kowa da dabbarsa.”

Haka aka yi ta yi kwana da kwanaki, Arkadi na can Turka yana cinikinsa. A garke Ruja takan kwanta a kan katako, amma wannan gidan wani ne, ba ya shiga lissafi. A gangaren kuwa ko gwiwa ba ta taɓa lanƙwasawa ba. Nononta ya ragu. Mutane suka daina zuwa kallo, suka koma yi masa sannu a hankali kamar gidan makoki.

Shi ma fa ba lafiya ya ji ba. In ya hau gangaren sai ya tsaya sau da yawa wai yana duba itatuwa. Oshipok ɗin da ya dame ni da shi ya ci rabi ya ce haƙori. Wata la'asar muna zaune a ƙofa, rana ta faɗa bayan dutse, ya ce, “Kai, tun yanzu? Ina kuka kai sauran sararin sama?” Na ce, “Haka ka bar shi.”

Rannan na hango shi daga taga, a gindin fiyar, da dunƙulen gishiri a hannu. Na gane nufinsa: ya ajiye a wurin, Ruja ta zo lasa, ƙila ta kwanta. Ban hana shi ba, 'yata, addu'a ma nake ya ajiye. Ya daɗe a tsaye. Sai ya juya ya miƙa wa Bilka ta lashe.

Ranar da Arkadi ya dawo da katako, tun motar tana ƙasan hanya Ruja ta ji ƙararta. Ta fasa mini shinge ta gangaro. An jingina faffaɗan katako a bayan motar don a sauke rabon ubanki, sai ta bi ta kai ta haye, ta sami ɗan wurin da aka bar mata da ciyawa, ta juya, ta kwanta. Ta fara tuƙa.

Ba wanda ya yi dariya, har Onufri. Arkadi na riƙe da katako ɗaya a kafaɗa, ya ce, “Baba, in sauke?”

Ubanki ya cire hula ya daɗe yana kallon saniyar. Can ya ce, “Haka Siwa ta yi. Har yadda ta karkata kai.” Sannan ya daka wa Arkadi tsawa, “Me kake jira? Mayar da shi! Katakon mutane ne za ka bari a hanya?”

Ba zan yi miki ƙarya ba, a ranar da an ba ni wuƙa da na yanka saniyar nan. Na share ɗaki, na ɗinka masa matashi, na riga na gaya wa Bilka. Amma na tashi a gidan da ba a jayayya da dabba a kan wannan magana, kuma shi ya yi alkawari. Na cika musu kwando da cuku da busasshen naman kaza, na tsaya a hanya har ƙarar motar ta ɓace, sannan na shiga na yi kukana.

Kin tambaye ni ke mece ce. Ke Boyko ce, 'yar gidan da saniya ta zaɓa. Ki riƙe shi da kyau, ki rage masa gishiri.

Gwaggonki,
Yustina

*

Stepowe
Oktoba, 1992

Yabo ga Yesu Almasihu!

Yaya Yustina,

Mun iso lafiya tuntuni, aiki ne ya hana ni rubutu. Ruja na sauka ta wuce kowa ta je bakin rijiya, inda turken Siwa yake a da, ta baje. Nono ya dawo har ya fi na da.

Kar ki ɗauka an kayar da ni. Ni dama na san akwai magana a nan, tabbatarwa kawai na je yi. A hanya na yi ta tunanin tambayar mai tabarau, kuma na samo amsa, ki aika mata. Dido daga wani wuri ya zo, tabbas. Mutum ba ya ɗaukar gishiri da takarkari ya hau dutse don daɗi, koro shi aka yi ko yunwa ta taso shi. Na tabbata ya yi shekaru yana zagin dutsen nan, yana cewa sama ta yi kaɗan, burodi ya yi tauri, gobe zai koma. Takarkarin ne ya fi shi hankali. Kurowat ne ko mai tumaki, su malamai su ci gaba da nema, aikinsu ne. Ni dai na san yadda ya ji.

Ashe ni ne Didon nan wurin. Na tara jikoki na gaya musu haka, ƙaramar ta ce to ina takarkarina, na nuna mata Ruja.

Katakon Turka kuwa na kafa ɗaki da shi a jikin gidan, ta gefen yamma. Duk gidan ƙanshin smereka yake yi, maƙwabta na zuwa shaƙa. Naki ne. Na sa taga babba, na gina murhu irin na Rostoka. Arkadi zai zo da mota kafin dusar ƙanƙara, ki taho da Bilka, mu sake ta mu gani.

Kar ki yi mini gardama.

Ƙaninki,
Harasim

*

Yasinka
Nuwamba, 1992

Har abada yabo!

Harasim,

Na gode da ɗakin, Allah ya yi albarka. Kar Arkadi ya ƙona mai. Da idonka ka ga inda Bilka ta kwanta.

In ciyawa ta fito zan zo in ga tagar nan, in yi mako biyu ina gaya maka abincinka ya yi gishiri, in dawo.

Amma tunda ka zama Dido, ga abin da nake so. Shi ma wancan Didon, can inda ya baro, na tabbata yana da yaya da ta share ɗaki ta tsaya a hanya. An riƙe mana labarin takarkari, an riƙe na buhun gishiri, ita ko sunanta ba wanda ya kawo mana.

In kana ba jikokinka labarin, ka faɗi nawa.

Yayarka,
Yustina